Ina da miliyan ɗaya da rabi, in fara siris a YouTube ko in koma Kano neman fitowa a fim?

Tambayar wani ƙaninmu ce daga Tudun Wada a nan Kaduna. Ya ce ya gama HND a Kaduna Poly, ya yi bautar ƙasa, ya tara naira miliyan ɗaya da rabi daga alawus da 'yar sana'ar POS da yake taɓawa, kuma yana da labari a rubuce wanda duk abokansa sun ce ya yi daɗi. To yanzu ya rasa wanne zai kama, ya zuba kuɗin ya ɗauki kashi biyar na farko ya ɗora a YouTube, ko ya tattara ya koma Kano ya maƙale wa wani babban furodusa har a fara saka shi a fim ya yi suna. Ya ce in faɗa masa tsakani da Allah tunda na daɗe a harkar.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da ka tara, don yaron da zai iya riƙe kuɗi har su kai haka a wannan zamanin ba ƙaramin ƙoƙari ya yi ba, shi ya sa ma nake jin tsoron a cinye maka su cikin sati biyu a lokeshan. Duka biyun da ka lissafa ban ba ka shawarar ko ɗaya ba a yanzu. Abin da nake so ka yi shi ne ka koyi aiki guda ɗaya na bayan kamara, ka iya shi sosai har ya zama kai ake kira a waya ba kai kake bin mutane ba, kuma in ka ce in zaɓa maka to sauti zan zaɓa maka. Fim ɗinka yana nan zuwa, fitowa a allo ma in rabonka ne tana nan zuwa, amma ta wannan ƙofar za ka shiga da mutuncinka da kuɗinka a aljihu.

Sai ka fara gane inda kuɗin harkar yake tukuna, don yawancin masu shigowa suna kallon inda haske yake ne, kuɗin kuma yana wani wajen daban. Tun daga 1990 da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano har zuwa zamanin sidi, tsarin a fili yake: furodusa ya gama fim, ya buga kwali, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, su karɓi masta su sayi kwali su buga su rarraba har Nijar da Kamaru da Gana. Akwai cuta a ciki, akwai bashin da ba a biya, amma dai mai kallo yana sa hannu a aljihu ya sayi abu. Wannan kasuwar ta mutu. Satar fasaha ta ci rabonta, fassarar fina-finan Indiya ta ci nata, wayar hannu da 'yan dawunlodin da ke tura maka fim goma a memori da kuɗi ƙalilan suka ƙarasa ta. Arewa24 ta zo a 2014 ta saba wa mutane da kallon shiri mai dogon zango kyauta duk mako, Northflix ta zo a 2019 da tsarin biya ka kalla, daga wajajen 2020 kuma kowa ya koma YouTube bayan an ga yadda irin su Izzar So da Labarina suka karɓu. Abin da ya canza a nan babba ne: yanzu mai kallo data yake saya, kuɗinsa kamfanin waya yake tafiya, kai kuma mai talla ne yake biyanka, ko ta hannun YouTube ko kai tsaye. Duk wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta mamakin yadda fim ɗinsa ya zaga gari amma ko kuɗin abincin lokeshan bai dawo ba.

To mu zo kan YouTube ɗin da kake hange. Kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma mabiya 1,000 ɗin da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon Shorts cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 kenan, in a ce kowane mutum yana tsayawa minti 10 a kan bidiyonka kafin ya wuce, kana buƙatar kallo 24,000 kafin ma a buɗe maka ƙofa, kuma duk kallon da aka yi kafin a amince da kai ba a biyanka ko sisi a kansa. Ka ga kashi biyar ɗin da za ka kashe dukiyarka a kansu, su ne daidai waɗanda za su tafi a kyauta. Bayan an amince, a dogon bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla naka ne, 45 nasu. In kuɗin ya kai dala 10 za su aiko maka da lambar PIN a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshi, kuma ka san yadda adireshin unguwanninmu yake, mutane da yawa a nan suke maƙalewa wata da watanni, don haka tun farko ka sa adireshin da wasiƙa take isa da gaske. Ba sa turo kuɗi sai sun kai dala 100, suna turowa tsakanin 21 da 26 ga wata, kana buƙatar asusun dala a banki da sunan da ya yi daidai da na katin shaidarka. Akwai fom ɗin harajin Amurka da ake cikewa a ciki, in ka cike za a cire kashi 30 ne daga abin da ka samu ta masu kallo na Amurka kaɗai tunda Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da su, in ka ƙi cikewa kuma za su iya cire har kashi 24 daga duka abin da ka samu a ko'ina.

Sannan kallo ba farashi ɗaya yake ba. Mai talla yana biyan kuɗi mai kauri don ya isa ga mai kallo a Ingila ko Amurka ko Saudiyya, yana biyan kaɗan a kan mai kallo a Rigasa ko Maraɗi, mu kuma yawancin masu kallonmu a nan gida suke. Ɗauki misali kawai don lissafi, a ce dala 1 kake samu a kan kowane kallo 1,000, kashi ɗaya na siris ɗin ya samu kallo 100,000, dala 100 kenan. Yanzu ka je ka tambayi masu ba da hayar kamara da fitilu nawa suke karɓa a yini, ka ɗora man janareta tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ka ɗora abincin mutum ashirin sau biyu ko uku a rana, motar kwasar kaya, hayar gidan da za a yi ɗauka, kwalliya, sutura, sallamar jarumai, edita, mai kiɗa, fassarar Turanci a ƙasan allo, ka gani ko lissafin zai haɗu. Manyan tashoshin da kake gani suna tsayawa ne saboda suna da ɗaruruwan bidiyo a jibge da ake ta kallo dare da rana, tsohon kashi na shekara uku baya yana ci gaba da kawo kuɗi, ga kuma tallan da suke karɓa kai tsaye su saka a tsakiyar shiri, na shagon atamfa, na masu sayar da filaye, na makarantu, wanda sau da yawa shi ne yake ɗaukar nauyin aikin tun kafin YouTube ta biya. Kai sabon shiga ba ka da ko ɗaya cikin biyun. Siris kuma ba ya son tsayawa, in ka saki kashi biyar kuɗi ya ƙare ka yi shiru wata uku, mutanen da ka tara sun watse, na ga tashoshi da yawa a garin nan da suka mutu a kashi na shida ko na bakwai, labarin mai kyau, masu shi kuma har yau suna biyan bashi.

Batun komawa Kano ka zama jarumi kuma, ba na raina Kano ko kaɗan, can ce cibiya, can manyan kamfanoni da daraktoci da kasuwar suke, duk wanda yake wannan harkar da Hausa sai ya taka Kano. Amma ka san me ake nufi da sabon fuska a lokeshan? Za ka zo tun safe ka zauna a kan benci har la'asar ana cewa yanzu za a zo kanka, a ƙarshe a ba ka sin ɗaya ko biyu, ka faɗi magana uku, a sallame ka da kuɗin mota, wani lokacin ma sai dai godiya. Kuma ko jarumin da ya yi suna sau ɗaya ake biyansa a kan aiki, fim ɗin ya yi shekara biyar yana kawo dala ba shi da kaso sai in an rubuta. Tasha gona ce, mai ita shi ke kwasar amfani duk shekara, jarumi kuwa ƙwadago ya yi aka biya shi na yini. Shi ya sa za ka ga duk jarumin da ya waye ya buɗe tasharsa, ko yana neman kuɗinsa ta tallan kamfanoni, ko wasan sallah, ko harkar siyasa. In kana son suna don kanka ban hana ka ba, amma masu son fitowa sun fi dubu a bakin ƙofa, masu iya ɗaukar sauti mai tsabta kuwa a Arewa gaba ɗaya ba su da yawa.

Kuma don Allah duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ko kuɗin odishin zai saka ka a fim, riƙe kuɗinka. Furodusa na gaske shi ke biyan ɗan wasa. Rajista da ƙungiyar sana'a irin waɗanda ke ƙarƙashin MOPPAN, babbar ƙungiyar masu sana'ar fim, ko da hukuma wani abu ne daban, ofis ake zuwa a karɓi rasit. Wannan ka faɗa wa ƙannenka mata ma da kyau, don su aka fi yi wa wannan tarkon, kuma abin da ake nema a wajensu wani lokacin ya wuce kuɗi, abin yana ci min rai matuƙa don yana ɓata sunan mutanen kirki da ke cin halal a sana'ar.

Me ya sa na ce sauti? Saboda mai kallo a waya zai yafe maka hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da ake faɗa ba cikin minti ɗaya ya wuce, kuma fim ɗin Hausa magana ce ƙashin bayansa, mutane da yawa ma sauraro suke yi suna girki ko suna shago. Ka shiga lokeshan a wani gida a Unguwar Rimi ko Malali ka tsaya ka rufe ido ka saurara kawai. Janareta na ruri a bayan taga saboda wayar da aka zo da ita gajera ce, firji na gurnani a falo, fanka na kaɗawa don jaruma ta ce zafi, a waje mai Keke yana ta hon, yara na leƙe ta katanga suna dariya. An maƙala wa Alhajin fim ƙaramin makirfo a ƙirji a ƙarƙashin shadda mai sitati, duk motsin da ya yi sai ka ji ƙararas ƙararas kamar ana murza leda, Hajiya kuma awarwaronta na kaɗawa duk lokacin da ta ɗaga hannu, mayafi na goga kan makirfon. Darakta idonsa na kan allo, mai kamara idonsa na kan haske, babu wanda ya sa hedifon a kunne, sai an koma wajen editin da dare a gano rabin maganar ba ta jiyuwa, jarumin kuma ya riga ya wuce wani aikin a Kano ko Jos. Mai sauti na ƙwarai shi ne wanda tun kafin a kunna kamara zai sa a ja janareta can nesa da doguwar waya, a kashe firji da fanka, ya naɗe kan makirfon da ɗan filasta ta yadda ba zai taɓa yadi ba, ya roƙi Hajiya ta cire awarwaro ɗaya ko a ɗaure su ta ciki, ya ɗaga bum, wato makirfon da ke kan doguwar sanda, sama da kai yana nuna bakin mai magana ba tare da inuwarsa ta faɗo a bango ba, ya saita rikoda a 48 kHz, ya bar murya tana yawo wajen -12 a ma'aunin ƙarfin sauti na rikodar don kar ta fashe in an yi ihu, a tafa hannu a farkon kowane ɗauka don edita ya samu inda zai haɗa sauti da hoto. In lokacin kiran sallah ya gabato shi zai ce a dakata, a je a yi sallah a dawo. In an gama sin kuma ya ce kowa ya yi shiru na rabin minti ya ɗauki shirun ɗakin, don da shi edita zai cike gurbin da aka yanka ba tare da kunne ya ji tsalle ba. Ranar da edita ya buɗe aikinka ya ji shi tas, shi da kansa zai riƙa ba furodusoshi lambarka.

Wani amfanin kuma, mai sauti yana tsaye kusa da darakta daga sin na farko har na ƙarshe, kana jin yadda ake gyara magana, kana ganin yadda ake tsara ɗauka, kana ganin inda kuɗi ke zurarewa, wa ya makara aka yi asarar yini, me ya sa aka sake sin sau takwas. Makarantar furodusa kenan kuma ana biyanka kana cikinta. Ka haɗa da editin, manhajar DaVinci Resolve kyauta ce kuma akwai ɓangaren gyaran sauti a cikinta, in kwamfutarka ba ta da ƙarfi ka fara da CapCut kafin ka samu. In kana son karatu na takarda akwai National Film Institute a Jos, akwai sashen wasan kwaikwayo a ABU Zariya nan kusa da mu, amma ko ba ka je ba ka nemi wanda ya iya ka bi shi kana riƙe masa bum da naɗe waya wata shida, ka yi haƙuri da aike.

Kuma kar ka ɗauka sai fim ne aiki. Kaduna gari ne na sauti tun asali, tun 1962 aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan, a nan su marigayi Samanja da marigayi Ƙasimu Yero suka yi zamaninsu tun kafin a san wani abu wai shi Kannywood, mujallar Fim ma a nan aka fara buga ta a 1999. Yau ga Rediyon Najeriya Kaduna, KSMC, Nagarta, Liberty, Alheri, Freedom, duk suna saka talla, kuma wani ne yake haɗa wa 'yan kasuwa wannan tallan. Ga biki duk ƙarshen mako, kamu da dina da walima, ga saukar Alƙur'ani da yaye ɗalibai, ga tafsirin azumi da yanzu kusan kowane babban masallaci yake so a haska kai tsaye a Facebook kuma matsalarsu ta farko kullum ita ce amsa-kuwwa tana cinye muryar malam. Ga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke son a ɗaukar musu hira a ƙauyuka, su kuma sun fi kowa biya a kan lokaci. Ka tsallaka gada ma, Barnawa da Narayi da Sabo akwai situdiyo da mawaƙa da coci-coci masu buƙatar mai haɗa sauti, yaran can da yawa sun ƙware a kiɗa da miksin, ka koya a wajensu su ma su samu aikin Hausa ta hannunka, wannan wata dama ce da Kaduna take da ita wadda garuruwa da yawa ba su da ita. Ga Abuja kuma, jirgin ƙasa daga Rigasa tun 2016, ka je ka yi aiki ka dawo. Kakar siyasa ta 2027 ma tana tafe da jingil da waƙoƙi da bidiyon taro, a nan shawara ɗaya ce, ka karɓi kafin alƙalami mai kauri, cikon kuma kafin ka miƙa aiki, don bayan zaɓe wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma ba ka isa ka gan shi ba.

Je ka CAC ka yi rajistar sunan kasuwanci, ka samu lambar haraji, ka buɗe asusu da sunan, don ƙungiyoyi da kamfanoni ba sa tura kuɗi asusun mutum haka kawai, sai da takardar neman biya mai suna da hatimi. Wannan ba ya cin kuɗi sosai.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta fi raba abokai a harkar nan. Mu mun saba da ai ɗan'uwa ne, ai ubangidana ne, kunya ta hana a rubuta komai, sai kuɗi ya fara shigowa a fara kai ƙara wajen manya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda aka sa wa hannu a Maris 2023 ta ce sayar da haƙƙi ko ba wa wani izini shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. A fim, wanda ya yi tsare-tsaren samar da shi shi doka take kallo a matsayin mai shi sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban, kariyar fim da sautin da aka naɗa shekara 50 ce daga fitowarsu, rubutu da waƙa kuma har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Abin da ya shafe ka kai tsaye: doka ba ta kare tunanin da ke kanka, abin da ka rubuta ko ka naɗa take karewa. Don haka labarin nan naka ka daina ba da shi da baki a majalisa ko ga duk furodusan da ka haɗu da shi, ka rubuta shi cikakke da sunanka da kwanan wata, ka tura wa kanka ta imel, in da hali ka shigar da shi a rajistar Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ba dole ba ne amma hujja ce. In za ka sayar, a rubuta ko sayarwa ce ta har abada ko ta zango ɗaya, a rubuta sunanka zai fito, a rubuta nawa da yaushe. Shafi ɗaya da Hausa da sa hannun shaidu biyu ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma ai addini ma ya ce a rubuta bashi, ba rashin yarda ba ne.

Waƙa ma haka. Ka saka waƙar abokinka a fim da izinin baki, shi kuma ya riga ya ba kamfanin rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore sun shigar da ita Content ID, tsarin YouTube da ke gano waƙa mai mai ita a duk bidiyon da aka saka ta, sai ka wayi gari kuɗin tallan bidiyonka yana tafiya wajensu, shi kansa bai san ya aka yi ba. Kuma in aka kai ƙarar tasha aka sauke mata bidiyo sau uku cikin kwana 90 ana iya rufe ta gaba ɗaya. Tashar kanta ka buɗe ta da imel ɗinka da lambar wayarka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wanda zai taya ka ɗora bidiyo ka ba shi izini ta cikin saitin tasha ba tare da ka ba shi kalmar sirri ba. Na san wani bawan Allah a garin nan da yaron shagon intanet ya buɗe masa tasha da imel ɗinsa shi yaron, shekaru ana tara mabiya, ranar da suka saɓa ya tashi ba shi da komai kuma ba shi da takardar da zai nuna. Saƙon imel da zai zo maka wai kamfanin waje na son ba ka talla ka sauke wani fayil, kar ka buɗe, da shi ake sace tashoshi.

Hukuma kuma kar ka yi wasa da ita. Akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, tun 1993, Kano kuma tana da tata tun 2001, kuma a Mayun 2025 ta Kanon ta dakatar da siris 22 har da manya a kan sakin shiri ba tare da an kawo an tace ba. In za ka yi aiki a Kano ko da 'yan wasan da ke da rajista a can, dokarsu ta shafe ka, ka tambaya kafin ka fara. Tallan maganin gargajiya da za a kawo maka ka saka a shiri, ka nemi lambar NAFDAC, ka kuma saurari abin da ake cewa maganin yana yi, don mutane za su saya ne saboda sun yarda da kai.

Kuɗin naka ga yadda zan so ka yi da su. Kashi ɗaya cikin uku ka ajiye kar ka taɓa, kuma POS ɗin kar ka rufe, ka sa ƙaninka a kai, ita za ta ciyar da kai a watannin da ba a kira ka aiki ba. Sauran ka nemi kwamfuta ta hannu mai ɗan ƙarfi, rikoda irin Zoom ko Tascam, makirfon maƙalawa guda biyu, bum ɗaya ko da na hannu ne, hedifon mai rufe kunne, batura masu caji da yawa, da hadis, wato ma'ajiyar fayil ta kwamfuta, guda biyu don kowane aiki ya zauna a wuri biyu kafin a goge memori. Ka tafi da wanda ya san kayan ranar saye, a gwada komai a gabanka. Kamara kar ka saya yanzu, tana tsufa da wuri kuma haya ta fi sauƙi.

Labarin naka kuma kar ka binne shi. Ciro sin ɗaya mafi ƙarfi a ciki, mutum biyu a ɗaki ɗaya, ka mayar da shi gajeren fim na minti takwas zuwa goma, ka ɗauka da waya mai kyau kusa da taga da safe, sautin kuma ka yi shi kamar na sinima. Ka ɗora, ka shiga YouTube Studio, inda ake nuna maka alƙaluman tasharka, ka duba layin da ke nuna inda mutane suke tsayawa da inda suke gudu, wannan layin ya fi yabon abokai gaskiya don su suna son ka ne, baƙo kuwa ba ruwansa. Ka yi irin wannan guda biyar ko shida cikin shekara, ka tura mafi kyau bikin fina-finai na KADIFF da ake yi a nan Kaduna tun 2018 ka haɗu da mutane. In ka ga baƙi suna kallo har ƙarshe suna tambayar ci gaba, to lokacin ne za ka ɗauki alƙaluman ka shiga kasuwar Sheikh Gumi ko Kasuwar Barci wajen mai shagon da zai iya ɗaukar nauyin zango ɗaya a saka masa talla, ka ɗauki zangon gaba ɗaya ka gama editin kafin ka saki kashi na farko.

Su Baba kuma ka zaunar da su ka yi musu bayani tun yanzu, kar su ji a bakin maƙwabta cewa ɗansu ya shiga fim. Ka nuna musu kayan aikin da takardar CAC, ka ce musu aikin sauti kake koya, ka fara da ɗaukar walima ko karatun masallacin unguwa su gani da idonsu, albarkarsu tana da muhimmanci kuma hankalinsu zai fi kwanciya in sun ga sana'a ce mai kayan aiki da rasit. In ka ɗauki gajeren fim ɗin na farko ka turo min sautin kaɗai ba hoto, zan saurara da hedifon in faɗa maka minti nawa ne ke buƙatar gyara da kuma abin da ya jawo.